Yadda Aka Zaɓa wa Tsohuwa Inbata

Injin kwaɓa sabulun da ke masana'antar Mama ya girmi Testa, ya girmi yayanta ma, shi ya sa kowa a rumfar yake ce masa Tsohuwa. Wata doguwar tukunyar ƙarfe ce a kwance, da muciyoyi biyu a cikinta masu juya kwaɓin, a gefe kuma ga wani ƙaton moton lantarki da ke jan su ta wata babbar giya mai haƙora. Idan tana cikin aiki ba ta da laifi, gurnani kawai take yi kamar mai barcin rana. Tashinta ne abin tsoro. Da an ba ta wuta sai ta zabura gaba ɗaya, kwanon rufi ya amsa, kwalaben turare su yi ta karo da juna a kan kanta, kuma ba a daɗewa sai an tsinci haƙorin giya ɗaya a ƙasa.

Ranar da mai walda ya liƙa haƙori na baya-bayan nan, bai sha ruwan da aka miƙa masa ba sai da ya faɗi abin da ke ransa. Ya ce wa Mama giyar nan ta zama walda a kan walda, babu sauran lafiyayyen ƙarfen da zai kama, kamfanin da ya ƙera ta kuwa ya daɗe da rufewa. In ta sake karyewa kada a neme shi, don ba ya son a ce ya yi aikin banza.

Yaya, wanda shi ke kula da ciniki da kai kaya shaguna, ya ce to ai magana ta ƙare. Dama akwai wani ɗan kasuwa mai sayar da tayil na daɓen ɗaki da ya daɗe yana bin sa a ba shi hayar rumfar ya mai da ita sito. Mama ta huta, Gwaggo ta huta, kowa ya kama gabansa. Ba da mugunta ya faɗa ba, shi ma ya gaji da ba masu shaguna haƙuri duk lokacin da injin ya tsaya. Mama ta juya tana kallon matan da ke zaune a dogon teburi suna yanka sabulu suna naɗewa a takarda, waɗanda wasunsu tun suna 'yan mata suke tare da ita.

A nan ne Testa ta sa baki. Ita ce autar gidan, kuma sunan ya bi ta ne saboda testar gwada wuta da ba ta rabuwa da ita tun tana makaranta. Yanzu tana aiki da wani kamfani mai kafa famfunan tura ruwa masu moto a manyan gine-gine. Ta ce ba giyar ce ke da laifi ba, fizgar da moton ke yi mata ce. Akwai wani akwati da masu sana'arsu ke ce wa inbata, ba irin ta sola ba, wadda ake sawa tsakanin wuta da moto. Ita ke ba moto wuta kaɗan-kaɗan, ya fara juyawa kamar mai rarrafe, sannan ya yi ta ƙara gudu har ya kai inda ake so. In babu fizga, giyar za ta iya kai su shekaru.

Yaya ya tambaya ko ta tabbata. Ta ce ta kafa irinta ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba.

"Sau ɗaya zan iya biya, Auta," in ji Mama. "In kin sayo ta yi, mun ci gaba. In ba ta yi ba, yayanki ya kira mai tayil ɗinsa."

Testa ta ce ta ji.

Ta fara da abin da aka koya mata. Ranar hutu, babu kowa a rumfar, ta zo ta kankare busasshen sabulun da ya rufe ɗan allon ƙarfen da ke jikin moton, ta karanta ƙarfin dokinsa da yawan wutar da aka yarda ya ja. Ta tayar da Tsohuwa tukunya babu komai, ta maƙala mitarta mai baki kamar na ƙaguwa a jikin waya, ta ga ɗan abin da yake ja. Wata rana kuma da ta taso aiki da wuri ta same su ana tsakiyar kwaɓi, ta sake aunawa. Moton ko kusa da iyakarsa bai je ba. Hankalinta ya kwanta.

Daga nan ta wuce layin masu kayan lantarki, inda wayoyi ke rataye a ƙofar kowane shago kamar igiyoyin shanya. Mai shagon da kamfaninsu ke sayayya a wurinsa ana ce masa Ba Musaya, domin ko ƙwan fitila ka saya, kafin ya ba ka canji sai ya tuna maka cewa abin da ya fita ya fita. Da ganinta ya ce Injiniya ta zo ɗaukar irin ta kullum ke nan. Ya sauko mata da wata inbata fara, ga lambar doki an rubuta ɓaro-ɓaro a gaban kwalin, daidai da ta moton Tsohuwa. Irin wadda take kafawa ce a famfuna, ta san kowane maɓallinta ko da ido a rufe. Ta ce ya ajiye mata, za ta zo da Yaya su ɗauka.

A hanyar gida ne wani abu ya fara cin ranta. Ranar da ta tayar da injin babu kaya, ya zabura, amma ba zaburar da za ta ɓalle haƙorin ƙarfe ba. To me ke karya giyar? Sai ta lura cewa tun da ta girma ba ta taɓa ganin tashin Tsohuwa a ranar aiki ba. Kullum da safe tana can tana fama da famfunan mutane, labarin fizgar a bakin Mama take jin sa, sai kuma abin da take iya tunawa na ƙuruciya. Ta roƙi maigidanta ya ba ta yini guda.

Da ta isa rumfar washegari babu wuta. Ta zaci za ta same su a zaune suna jira, sai ta tarar kowa yana ta kai-kawo. Gwaggo, ƙanwar mahaifinsu, wadda ita ce ke tuƙa Tsohuwa tun ranar da aka kafa ta, tana tsaye a kan ɗan benci tana karɓar buhunan garin sabulu tana juyewa a tukunya. Ta zuba kala, ta zuba turare, ta yayyafa ruwa, ta sake karɓar wani buhun. Sai da tukunyar ta cika fal har muciyoyin suka ɓace, ta danna da tafin hannu ta ƙara rabin buhu, sannan ta rufe murfin. Ta sauko ta nufi bango, ta ɗaga hannun tsohon makunnin ta bar shi a sama, ta karkaɗe zaninta ta koma teburi ta ɗauki wuƙar yanka.

Testa ta bi ta ta tambaya ko ta manta ne ta bar makunni a kunne. Gwaggo ta dube ta sama da ƙasa, ta ce ita da ta yi mata wankan jarirai ce za ta manta da makunni? Haka ake yi. Wutar nan ba ta sallama in za ta zo, ba ta ban kwana in za ta tafi. In an bar shi a sama, da ta zo Tsohuwa za ta tashi da kanta, ko minti ɗaya ba a yi asara ba. Matan teburin suka ce su ba sa ma duban fitila, tsallen Tsohuwa ne ke gaya musu an kawo wuta.

Testa ta maƙala mitarta a waya, ta jawo wani bokiti ta kife ta zauna. Rana ta yi sama, rumfar ta ɗumame, ƙamshin lemun tsami na turaren ya cika mata hanci har ta fara atishawa. Matan suka yi ta tsokanarta, wai Injiniya ta zo gadin Tsohuwa kada ta gudu. Wata ta ce a ba ta wuƙa ta taya su yanka, tunda albashin zama ba ya ƙoshi. Ta yi dariya, amma idonta na kan murfin tukunyar, tana tunanin abin da ke faruwa a ciki: ruwan yana ratsa garin, garin yana kumbura yana kama jikinsa, yana kama muciyoyin.

Wutar ta zo gab da azahar. Ƙarar da giyar ta yi sai da Testa ta ji ta a haƙoranta. Ta san kowane moto yana haɗiyar wuta mai yawa a tashin farko, wannan ba sabon abu ba ne a wurinta, amma na famfo yakan haɗiya ya saki nan take. Wannan ya haɗiya ya riƙe. Ya yi ta nishi, muciyoyin suna yaga kwaɓin da ƙyar, kuma ko bayan gudu ya daidaita lambar da ke fuskar mitar ta tsaya can sama da abin da aka rubuta a allon moton. Sai da kwaɓin ya ɗau zafi ya yi laushi sannan ta sauko ta zauna a inda Testa ta gan ta rannan.

Inbatar da aka ajiye mata an yi ta ne don famfo da fanka, masu tashi da sauƙi, nauyinsu ya zo daga baya. Tsohuwa kuwa duk nauyinta a tashin farko yake. Da ta kafa waccan, da ta yi yunƙuri ɗaya ta ga abin ya fi ƙarfinta ta kashe kanta, a kunna ta sake kashewa, har Gwaggo ta gaji ta ce a cire musu wannan abin a mai da tsohon makunni.

Da yamma ta gaya wa Mama da Yaya a ɗan ofishin da ke jikin rumfar. Yaya ya ce to wannan ai mai sauƙi ne, a hana Gwaggo cika tukunya sai injin ya tashi, a riƙa zuba garin a hankali. Testa ma abin da ta fara tunani ke nan. Mama ta ce su biyun ba su san wutar unguwar nan ba. Wani lokaci abin da take yi bai wuce a kwaɓa tukunya ɗaya ba, in aka tsaya sai ta zo sannan a fara ɗaga buhu, kafin a gama zubawa ta tafi. Kuma ko an yi yadda suke so, in ta ɗauke ana tsakiyar kwaɓi fa? Kwaɓin zai huce ya sandare a ciki, wa zai shiga ya kwashe shi da cokali? Dole a haka za a tayar.

Testa ta juya testarta a hannu. Gaskiyar Mama ce. Ba Gwaggo za a gyara ba, inbatar ce za a zaɓa daidai da Gwaggo.

Suka koma wurin Ba Musaya ita da Yaya. Ya riga ya ɗaure farin kwalin da igiya, ta ce ya kwance. Ta juya shi ta nuna wa Yaya wata 'yar takarda a gefe mai ƙananan rubutu layi biyu. Layin sama shi ne abin da inbatar za ta iya da aiki mai sauƙi, shi aka kwafa aka rubuta da manyan baƙaƙe a gaba. Layin ƙasa shi ne abin da za ta iya da aiki mai nauyi, kuma bai kai na moton Tsohuwa ba. Ta ce wadda ke gaba da wannan za su ɗauka, wadda layinta na ƙasa ya haura abin da ta gani a mita, kuma take iya jure ƙarin rabin nauyinta na ɗan lokaci ba tare da ta kashe kanta ba.

Yaya ya ji kuɗin ya ɓata fuska. Ya ce lambar dokin da ke jikin moton ita ce a jikin farin kwalin, shi bai ga dalilin sayen riga da ta fi mai ita ba.

"Yaya, ranar da batirin motarka ya mutu a ƙofar rumfa, mutum nawa suka tura ta?"

Ya ce wannan kuma wace irin magana ce a gaban mutane.

"Duk matan teburi ne suka taso, har da Gwaggo. Da ta fara gangarawa kuwa ni kaɗai na ƙarasa da ita bakin titi. Wannan ƙaramar ni ce. Tsohuwa matan teburi take nema."

Ba Musaya ya yi dariya har da riƙe kanta. Ya ce shi dai da a ce famfo ne da ya rantse a kan ƙaramar, amma tunda abin kwaɓi ne, gara su ɗauki babbar, don in suka dawo bayan mako suna zaginsa sun san sunansa. Ya kuma tambayi Testa inda za ta kafa ta, domin waɗannan akwatuna suna da fanka a ciki mai zuƙar iska, duk abin da ke yawo a ɗaki sai ta haɗiye shi. Testa ta tuna farar ƙurar sabulun da ke kwance a kan kowane ƙarfe na rumfar, mai jawo laima ta ci waya. Ta ce ba a cikin rumfa za ta zauna ba, a ofis za a kafa ta, bango ɗaya ne tsakaninta da moton, wayar ma ba za ta yi tsawo ba.

Yaya ya ce wato bayan kuɗin, har bangon ofishinsa za a ƙwace. Amma shi ya ɗauki kwalin a kafaɗa har mota, yana tafe yana cewa a hankali, a ba shi hanya.

Ranar hutu ta yi aikin. Ta huda bango, ta ja waya, ta bar wa akwatin sarari sama da ƙasa don ya sha iska. Ta shigar masa da bayanan moton ɗaya bayan ɗaya, ta gaya masa nauyin da zai tarar tun daga farko, ta ba shi lokaci mai tsawo na tashi. Tsohon makunnin ta cire shi, ta sa maɓalli biyu a kusa da bencin Gwaggo, kore da ja. Abu ɗaya ta ƙi yarda da shi duk da mitar da Gwaggo ta yi: injin ba zai ƙara tashi da kansa ba. Ta ce a cika tukunya yadda aka saba, wannan ba ta hana ba, amma sai mutum ya duba babu hannun kowa a ciki ya danna kore. Gwaggo ta ce yaran yanzu sai su koya maka yadda za ka shiga ɗakinka. Daga baya Testa ta hango ta tana goge maɓallan da gefen mayafinta.

Washegari ma ta nemi izini a wurin aiki. Babu wuta, kamar kullum. Yaya ya zo da wuri, abin da ba ya yi, ya tsaya a ƙofar ofis hannu a aljihu. Da ya ga Gwaggo ta hau benci sai ya matso kusa da Testa ya ce a ƙasa-ƙasa ko za a fara da rabin tukunya, a gwada tukuna. Ta so ta ce to. Ta ji kalmar ta zo har bakinta. Amma rabin tukunya ba zai gaya musu komai ba, gobe in ba ta nan cikawa za a yi.

"Gwaggo, cika ta yadda kike cikawa," ta ce. "Har da rabin buhun nan na ƙarshe."

Aka cika, aka rufe, aka zauna jira. Jiran ya fi na rannan tsawo, wanda ke nufin kwaɓin ya fi na rannan tauri. Matan ba su tsokane ta ba a yau. Mama ta fito da kujerarta ta zauna a bakin ƙofa tana naɗe sabulu a cinya, takarda ɗaya ta yi ta gyara wa kusurwa.

Sai fuskar inbatar ta kawo haske ta cikin tagar ofis. Gwaggo ta miƙe, ta ɗaga murfi ta leƙa, ta mayar, ta dubi Testa, ta yi bisimilla ta danna kore.

Wani siririn sauti ya fito daga moton, kamar kukan sauro a kusa da kunne. Giyar ba ta motsa ba. Testa tana tsaye a tagar tana kallon lambar wutar tana hawa, ta wuce inda ƙaramar inbatar za ta sallama, ta ci gaba da hawa. Sannan haƙori ɗaya ya matsa ya shiga tsakanin 'yan'uwansa, na biyu ya biyo, tabon walda ya zo ya wuce a hankali har ana iya ganin inda aka liƙa. Daga cikin tukunya aka ji kwaɓin yana tsagewa, a nutse, kamar ana yaga tsohon bargo. Gudu ya yi ta ƙaruwa, lambar ta tsaya, ta fara saukowa. Kwalaben turare suna nan a kan kanta ko motsi ba su yi ba.

Gurnanin da suka sani ya cika rumfar. Gwaggo ta ɗora tafin hannunta a jikin tukunyar ta daɗe, sannan ta ce ashe Tsohuwa ta iya tashi da ladabi, shekara da shekaru ba wanda ya tambaye ta.

Testa ta zauna a kan buhu. Ta gaya wa Mama gaskiya, cewa giyar tsohuwa ce har yanzu, inbata ba ta mai da ita sabuwa ba, sai an ci gaba da neman wanda zai sassaƙa musu wata. Mama ta ce yanzu ai suna da lokacin nema. Ta miƙo hannu ta share mata farar ƙurar da ta manne a gira, ta ce ta tashi daga kan buhun nan, shi za a zuba a tukunya ta biyu.

Yaya ya fita waje da waya a kunne. Ta taga suka ji yana ba mai tayil haƙuri, yana cewa a'a, ba maganar ƙarin kuɗin haya ba ce, masu wurin ne suna ciki. Da ya dawo ya tsaya a gaban akwatin yana kallon lambobin da ke canzawa, hannuwansa a baya kamar mai tsoron taɓawa.

"Malama Testa," ya ce, "tunda a ofishina kika ajiye ta, zo ki nuna min. Wacce lamba ce in na gani zan kira ki, wacce ce kuma zan ƙyale ki ki yi aikinki?"

Ta taso ta jawo masa kujera, ta ce ya zauna, abin ba shi da wuya, amma sai ya daina katse ta.